Sharhi: Gwajin Jini Kafin Sayar da Magani, Kasuwar da Mubi Ba Ta Buɗe Ba

Duk ɗan kasuwar da ya san Mubi ya san cewa magani na cikin hajojin da ba sa kwantai, domin masu saye na zuwa daga ƙauyukan Adamawa da Borno har da ƙasar Kamaru. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne, ƙwaya ɗaya ba ta yin aiki iri ɗaya a jikin kowa.

Akwai wani sinadari a cikin jajayen ƙwayoyin jini mai suna G6PD, wanda ke kare su daga fashewa. Kimanin mutane miliyan 400 a duniya sun gaji ƙarancinsa, kuma a Nijeriya abin ya shafi fiye da namiji ɗaya cikin goma. Mai wannan gado lafiyarsa lau, sai ranar da ya sha dapsone ko primaquine ko nitrofurantoin, sannan jini ya ragu, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Ko kafur da ake sanyawa cikin kayan jarirai yana iya tayar da shawara mai taɓa ƙwaƙwalwa.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana kuɗarsu. GlaxoSmithKline ya fito da Lapdap a 2003 a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro mai rahusa domin Afirka, amma a 2008 ya janye shi saboda yadda yake fasa jinin masu wannan gado. Shekarun bincike da dukiya suka bi ruwa.

A halin yanzu akwai 'yar na'urar hannu ta kamfanin SD Biosensor na Koriya ta Kudu, wadda ke auna sinadarin daga ɗigon jini cikin mintuna biyu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinta a Disamban 2024. Sai dai an ƙera ta ne da Asiya da Brazil a zuci, inda wani nau'in zazzaɓin ya tilasta shan primaquine. A nan, buƙatar tana ɗakin haihuwa da teburin likita, kuma babu mai kawo ta sai an nema.

To, wa zai biya? Majiyyaci ba ya neman gwajin da bai san sunansa ba, mai kemis kuwa ribarsa na cikin ƙwaya ne. Irin wannan kasuwa doka ce ke haifar da ita. Dokar 1995 da ta kafa hukumar kula da makamashin nukiliya, wadda ta fara aiki a 2001, ita ta wajabta auna tururin da ke shiga jikin ma'aikatan ɗakin hoton ƙashi, daga nan masu wannan aiki suka sami ciniki.

Da gwamnatin Adamawa za ta sanya gwajin G6PD cikin abin da ake yi wa kowane jariri, ta fara da Babban Asibitin Mubi, da dillalai sun shigo da takardun gwaji da yawa, farashi ya sauka, masu ɗakunan gwaji na kuɗi su bi sahu. Sau ɗaya ake yinsa a rubuta a kati, alhali ledar jini da kwanan asibiti ana iya biyansu sau da dama.