Leda Na Cinye Takinmu: Batsari Da Safana Su Fara Raba Shara Tun Daga Gida

Kafin leda ta shigo ƙasar Hausa, juji dukiya ne. Toka, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, kashin awaki da ragowar abinci duk a nan ake tara su, idan bazara ta yi manomi ya zo da jaki da mangala ya kwashe zuwa gona. A kewayen birnin Kano ma har sayen sharar gari manoma suke yi. Abin da gari ya zubar, gona ta karɓa, ta dawo da shi a matsayin hatsi.

Yau wannan tsari ya lalace. Duk wanda ya leƙa juji a Batsari, Ruma, Safana ko Runka zai ga baƙar leda da ta fiya-wata sun cakuɗe da takin. Manomin da ya kai irin wannan gonarsa ya kai wa kansa aiki, domin leda ba ta ruɓewa, tana tare ruwa, tana hana saiwa shiga ƙasa. Dabbobi kuma suna haɗiye ta, ta dunƙule a tumbi, akuya ta yi ta ramewa mai ita yana sayen magani a banza. Tambayi kowane mahauci, zai ba ka labarin abin da yake cirowa daga cikin dabba. Wadda ta tsira daga bakin akuya ta toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida.

Wani zai ce mutanen da ke fama da 'yan bindigar dajin Rugu ina suka ga ta shara? Ni a ganina matsalar tsaron ce ma ta sa batun ya zama dole. Mutanen ƙauyuka da dama sun dawo cikin gari, shara ta ƙaru. Gonakin nesa sun yi wuyar zuwa, an koma matsa wa na bakin gari, ana noma su kowace shekara babu hutu. Takin zamani kuwa tun 2022 farashinsa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Ke nan babu lokacin da muka fi buƙatar takin gargajiya mai tsafta kamar yanzu.

A tsarin mulkin 1999, kwashe shara aikin ƙaramar hukuma ne, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ya rage musu uzuri. Sai dai ko an kawo tifa goma, ba za su tsince leda daga cikin toka ba. Wannan aikin a tsakar gida ake yin sa.

Abin da ake buƙata bai fi buhu biyu a kowane gida ba. Abin da ke ruɓewa ya tafi juji, leda ta shiga buhu ɗaya, ƙarfe da roba su shiga ɗayan. Na biyun yana da kasuwa, 'yan gwangwan da 'yan jari-bola suna saye a kan kilo. Leda ce marainiya: ba ta da nauyi, don haka ba mai wahalar tsintar ta ɗaya-ɗaya. Sai an tara ta da yawa, an danne ta, kafin ta biya kuɗin mota zuwa wurin masu narka roba a Kano.

A nan unguwa za ta shigo. Mai unguwa ya ware fili, ƙungiyar matasa ta riƙa bi gida-gida sau ɗaya a mako, kuɗin takin da aka sayar wa manoma da na roba su zama ladansu. Shugabannin kasuwa su ajiye buhuna a rumfuna ranar da kasuwa ke ci. Ƙaramar hukuma ta ba da baro, shebur da safar hannu, ta tura dubagari, ta ɗauki nauyin motar da za ta kwashe ledar. A kuma daina cinna wa juji wuta, domin hayaƙin leda guba ne, kuma wutar tana cinye takin da ake nema.

Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Amma abin koyi a Ruwanda bai tsaya ga doka ba: kowace Asabar ta ƙarshen wata jama'a kan fito aikin unguwa tare. Mu ma muna da irinsa tun kaka da kakanni, sunansa aikin gayya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Unguwa ɗaya a Batsari da ɗaya a Safana su gwada kafin ruwan farko ya sauka. Idan manoma suka fara layin sayen takinsu, sauran unguwanni ba sai an yi musu shela ba.