Ungulu da Kan Zabo: Ina Iyakar Gyaran Hoton Dabba?

Ran nan da la'asar sakaliya na raka wani abokina ɗalibi wani shagon wanke hoto da ke kusa da Ƙofar Nassarawa, domin ya karɓi aikin da ya bayar. Da aka miƙo masa sai ya warware mini shi cikin alfahari. Zaki ne kwance cikin ciyawa kore shar, gezarsa ta sha hasken rana, bayansa kuma duwatsu da itatuwa, kai ka ce a tsakiyar dajin Yankari aka ɗauka. Na tambaye shi yaushe ya je ƙasar Bauchi ban sani ba, sai ya yi dariya, ya ce ai ko Wudil bai wuce ba. A keji ya sami zakin, ya ɗauke shi da wayarsa, sa'an nan ya zauna gaban kwamfuta ya goge ƙarafan, ya share daɓen siminti, ya aro daji daga intanet ya liƙa. Mutanen da ke shagon suka yi ta sa albarka. Ni kuwa na koma gida da abin a raina, domin a ganina abin da ya yi ya wuce gyara, ya shiga shaidar zur.

Kada mai karatu ya zaci ina ƙin gyaran hoto ne gaba ɗayansa. Tun zamanin iyayenmu masu hoto suna rataya labule mai zanen furanni ko jirgin sama a bayan wanda za a ɗauka, ba kuwa wanda ya taɓa ruɗuwa, don kowa ya san kwalliya ce. Haka kuma na'urar hoto ba ta gani kamar yadda ido ke gani. Wanda ya ɗauki belbela cikin hazon hunturu zai tarar hoton ya fito fari fat, ba armashi. In ya rage hasken, ya fito da launin kamar yadda idonsa ya gan shi a wurin, gaskiya ya maido. In ya datse gefen hoton don hankalin mai kallo ya tattaru a kan idon tsuntsuwar, ko ya share ɗigon ƙurar da ta hau gilashin na'ura, bai zalunci kowa ba. Iyakar ita ce wannan: a gyara yadda abu ya fito, kada a sauya abin da ya faru.

Masu wannan sana'a a duniya sun daɗe da shata wannan iyaka. Gidan adana tarihin halittu na birnin Landan yana shirya gasar hoton namun daji kowace shekara. A 2009 wani mutumin Sifen, José Luis Rodríguez, ya ci babbar kyautar da hoton kyarkeci yana tsallake ƙyauren shinge da dare. A farkon 2010 alƙalan gasar suka ƙwace kyautar, bayan sun gamsu cewa kyarkecin na gida ne, horarre, ko da yake mutumin ya musanta. A 2018 kuma aka soke kyautar wani mutumin Barazil, Marcio Cabral, wanda ya nuna wata dabba mai kama da dabgi tana dosar suri cikin dare. Masana suka bincika, suka ce fatar mushe ce da aka cusa aka kafa a ƙofar gandun dajin, shi ma ya musanta. Hotunan nan biyu kyawawa ne ƙwarai, ba wanda ya ce ba su yi kyau ba. Laifinsu shi ne sun ce wa mai kallo “ga abin da na gani a daji”, alhali kuwa alƙalai sun ce ba haka aka yi ba. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Akwai misalin da ya fi kusa da mu. A 2005 da 2007 wani mai hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya zo Nijeriya ya bi gardawan kura, Hausawa 'yan'uwanmu masu yawo gari gari da kuraye da gwaggon biri da mesa suna wasa suna sayar da magani. Hotunansa sun zaga duniya, har ɗaya daga cikinsu ya ci kyautar hoton jarida ta duniya a 2006. An soke shi, kuma sukar tana da tushe: wasu sun ce ya ba Turawa irin Afirkar da suke son gani, ta ban tsoro da ban mamaki, tun da dai kafin zuwansa ma an yi ta yaɗa cewa mutanen nan 'yan fashi ne ko masu karɓar bashi da ƙarfi, alhali masu neman abinci ne da sana'ar da suka gada. Amma abu ɗaya ba za a ɗauke masa ba, watau bai goge takunkumin kura ba, bai kuma goge sarƙar da ke wuyanta ba. Saboda haka duk wanda ya kalli hoton yana da abin da zai yi tunani a kansa: ya tausaya wa dabbar, ko ya tausaya wa gardin da talauci ya haɗa shi kwana da kura, ko ya tuna da maganar mutanenmu cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da ya share takunkumin don hoton ya ƙara kyau, da ya share muhawarar duka. Ƙarafan da abokina ya goge su ne takunkumin zakinsa, su ne kuma labarin da ya kamata hoton ya bayar.

Wani zai ce, to mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan hoton dabba? Amsa ita ce dabbobin nan ƙarewa suke yi, hoton ƙarya kuwa yana rufe mana ido. Binciken da aka buga a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka ba su wuce kimanin 400 ba, a Nijeriya kuwa Yankari da Kainji kaɗai aka tabbatar da su. Ba sai mun je daji ba ma. Dattawan birnin nan suna ba da labarin yadda ungulaye ke cika mahauta da kan rufin kasuwa, har ba a kula da su. Yau ɗalibi zai iya gama karatunsa a Kano bai ga ko ɗaya tana shawagi ba, kuma tun 2015 aka sa wannan ungulu tamu cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa, saboda guba da farautar da ake yi mata don haɗa magani. To, idan kalandarmu da littattafan makarantunmu suka cika da dabbobin aro cikin dazuzzukan aro, yaron da ke tasowa zai ɗauka dajinmu cike yake maƙil, ba zai kuma tambayi kowa ina namun suka tafi ba. An yi masa ungulu da kan zabo ke nan. A nan ina jan hankalin 'yan'uwanmu matasan ma'aikata, waɗanda su ne ake ba aikin zaɓen hotunan da za a buga a takardun hukuma: kafin ku sa hannu, ku tambayi inda aka ɗauki hoton da kuma wanda ya ɗauka.

Wani kuma zai ce ai fasaha ce, mai zane ma yakan zana abin da bai gani ba. Gaskiya ne, amma mai zane bai taɓa cewa zanensa shaida ce ba. Hoto kuwa ƙarfinsa duka yana kan yardar da mutane suka yi cewa gani ya kori ji. A wannan zamani da kwamfuta ke iya ƙirƙiro giwa sukutum ba tare da an je ko'ina ba, yardar nan ita ce jarin mai hoto, in ta zube ba ta kwasuwa. Wanda yake son ya haɗa hoto ya haɗa, amma ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa haɗi ne. Wanda ya ɗauka a Gidan Zu da Gwamna Audu Bako ya kafa mana a farkon shekarun 1970, ya faɗi haka. Ba abin kunya ba ne, can ne ma ya fi dacewa mai koyo ya fara.

Saura laifinmu mu masu kallo. Mun saba in aboki ya nuna mana aikinsa sai mu ce madalla, ya yi kyau, mu wuce, muna ganin suka cin fuska ce. Alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai sukar hoto na gari yakan duba ko idon dabbar ya fito sarai, domin a ido rai yake. Ko mai hoton ya durƙusa daidai tsayin dabbar, ko kuwa daga sama ya hango ta kamar mai leƙen rijiya. Ko ya jira hasken safiya ko na yamma maimakon tsakar rana mai ƙone launi. Ko datsar da ya yi ta yanke ƙafa ko wutsiya ba dalili. Bayan waɗannan sai manyan tambayoyi biyu: me aka cire daga hoton, kuma me aka yi wa dabbar kafin a same shi? Hoton da sai da aka jefi biri da dutse don ya waiwayo, ko aka tashi tsuntsuwa daga kan ƙwanta, ba shi da kyau ko da ya ci kyauta.

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ita ce ta shirya baje kolin hotunan dabbobin da ke kewaye da mu, da shamuwa da jemage da ƙadangare da dawakin hawan salla, bisa sharaɗin kowane hoto ya zo da wuri da rana da bayanin gyaran da aka yi masa, a kuma zauna a soki kowanne a fili cikin mutunci. Abokina ya yi mini alkawarin zai kawo zakinsa da ƙarafansa yadda ya same shi. Na ga hoton na asali, kuma wallahi ya fi na gyaran taɓa zuciya. Allah ya sa mu zama masu shaidar gaskiya, amin.