Manhajar Kowa, Nauyin Mutum Kaɗan

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutunta a fili, kowa ya duba, ya gyara, ya yi aiki da ita ba tare da ya biya ko dala ba. Salular Android da ake sauraren saƙon ƴan ci-rani da ita a Kalfu da garuruwan Adar tana ɗauke da irinta, kamar SQLite, ma'ajiyar bayanai da Richard Hipp ya fara a shekarar 2000. Masu riƙe da SQLite har yau ba su cika yatsun hannu ba.

A nan gizo ke saƙar. Miliyoyi ke cin moriya, amma gyara da sa ido na wuyan mutum biyu ko uku, galibi ƴan sa kai. A Afrilun 2014, da aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, wadda ke tsare sirrin shafukan intanet, sai ta bayyana cewa mutum ɗaya ne aikin ya zame masa sana'a, gudummawar shekara kuma wajen dalar Amurka 2,000 ce.

Labarin XZ Utils ya fi tayar da hankali. Lasse Collin ya daɗe yana ɗawainiya da wannan manhaja ta matse fayil kusan shi kaɗai, har ya gaji. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana taya shi aiki, aka amince da shi, sannan ya dasa ƙofar ɓoye. Asirinsa ya tonu a Maris 2024 don kawai wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga kwamfutarsa ta ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi. Sa'a ce aka taka, ba tsari ba.

Abin bai yi nisa da Tawa ba. Ma'aikatar lafiya ta Nijar na tattara alƙaluman asibitoci ne da DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagoranta. Ita dai tana da ma'aikata da masu ba ta kuɗi, amma an gina ta a kan wasu ƙananan manhajoji. Da aka gano raunin ɗaya daga cikinsu, Log4j, a Disambar 2021, sai da DHIS2 ma aka yi mata gyaran gaggawa.

A ganinmu, kuskure ne hukuma ta ɗauka tunda manhaja kyauta ce, babu abin kashewa. Duk ma'aikatar da ta dogara da irinta ya kamata ta san abin da ke cikinta, ta ware kuɗin sabuntawa, ta horar da fiye da ma'aikaci ɗaya, domin a ofisoshi ma sau da yawa mutum ɗaya ne ya san kan na'ura, in aka yi masa canjin wurin aiki komai ya tsaya. Jami'ar Tawa kuma na iya sa ɗalibanta masu karatun kwamfuta su riƙa aika gyara da fassarar Hausa ga waɗannan ayyuka, a lissafa musu cikin makin karatu.