A Wanke Riga Kafin A Yi Ciniki

Jama'ar kasuwa, 'yan tebur da dillalai, yau maganarmu a kan rigunan bugu take, wato rigar da ake manna wa tambari ko hoto da injin zafi. Sana'ar ta samu zama. Makaranta na son baji a rigar wasanni, ƙungiyar ƙwallo na son lamba a baya, masu biki na son sunan ango da amarya. Lokacin zaɓen 2023 kuwa kowa ya ga yadda rigunan 'yan takara suka cika gari. Da can sai an tafi Kano, yanzu samarinmu na Ringim da Dutse sun sayi injin suna yi. Madalla. Amma akwai gyara.

Gyaran shi ne, muna cinikin rigar nan da ido kawai. A ɗaga ta, a ga launi ya fito, a ce nawa dozin, a sallama. To, ran da aka buga riga kowace kyakkyawa ce. Sai an wanke ta sau biyu ko uku ake sanin wadda aka yi da gaskiya. Wata tambarin ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, wata ya ɓare daga gefe, wata ya koɗe.

Ku san dalili don kada a yi muku rufa-ido. Bugu iri-iri ne. Akwai na leda, wadda ake yankawa a manna. Wannan tana son zafi wajen digiri 150 zuwa 160, a danne ta daƙiƙa 10 zuwa 15. Akwai na fim mai hoda, shi ma zafinsa kusan haka ne, yana kama auduga da yadin roba, fari ko baƙi. Akwai kuma na tawada mai shiga cikin zare, mai son zafi wajen digiri 200 da kusan minti ɗaya. Shi wannan sai yadin roba, fari ko mai haske. In aka buga shi a kan auduga zalla, ruwan wanki zai tafi da shi. Abu uku ke riƙe bugu: zafi, da lokaci, da matsi. In ɗaya ya gaza, aiki ya lalace.

Ina ake samun gazawar? Yawancin injin nan yana cin wuta fiye da wat 1,000, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 mai ya yi tsada. Sai mai bugu ya ƙi jira injin ya kai zafinsa, ko ya rage daƙiƙa don ya gama da wuri. Wani ma dutsen guga yake sawa, alhali dutsen guga ba ya danne ko'ina daidai. Wani ba ya fara danna rigar ita kaɗai don laima ta fita, balle da damina. Mu ma muna da laifi a ciki. Mun matse shi a farashi har ba abin da zai ci, shi kuma ya rama a kan aiki. Araha ba ta ado.

Ga shawararmu. Kai dillali, kafin ka ba da kafin alƙalami, ka sa a buga riga ɗaya daga yadin da za a yi aikin da shi. Ka bar ta ta kwana, ka juya cikinta waje, a wanke da sabulu sau uku, ka ja tambarin da hannu. In ya zauna, a yi ciniki, a ajiye rigar ta zama shaida. In an kawo kaya ba su yi kama da ita ba, mai bugu ya sake. Ka kuma gaya wa mai saye kada a ɗora dutsen guga a kan tambarin.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, mai oda na sauri. Haka ne, kwana biyu za su tafi. To ka auna kwana biyu da riga ɗari da hedimasta zai dawo maka da su. La'adarka ta tafi, sunanka ya bi ta. Makarantar kuma badi Kantin Kwari za ta aika, kuɗin da ya kamata ya juya a Ringim ya tsallake mu.

Ba sabon abu muka zo da shi ba. Marinan Ƙofar Mata da na Kura da ingancin rininsu suka yi suna, har Buzaye ke neman turkuɗinsu daga Sahara. Mai bugu marini ne na zamani. Wanda rigarsa ta jure wanki a ƙara masa kuɗi a dozin, a riƙa kai masa aiki. Wanda tasa ta ɓare a bar masa kayansa har ya gyara hannu.

Haza wassalam.