Batir Mai Arha: Tun Daga Gari Matsalar Take Farawa

Kusan kullum sai an kawo min waya shago, batir ya kumbura har ya ɗaga sikirin. In na tambaya, sai a ce ai kwanan nan aka canza shi, an samu mai sauƙi. Ni a ganina wannan sauƙin asara ce, bari ka ji dalili.

A cikin batirin wayarka akwai garin girafait, irin baƙin nan na cikin fensir. Cikinsa sinadarin litiyam yake shiga ya zauna idan kana caji. Girman ƙwayar garin yawanci maikuron 10 zuwa 25 ne, alhali kaurin silin gashi ya kai wajen 70. Rariya ba ta iya wannan aiki, toshewa take yi. Shi ya sa masana'antu, galibinsu a ƙasar Sin, da iska suke tace shi.

Ka san yadda ake shiƙar gero, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zubo? To injin ma haka yake, sai dai a cikinsa akwai wani keji mai juyawa da gudu. Iska tana jan gari ciki, kejin yana wurgo manyan ƙwayoyi waje. A ƙara gudun keji, sai mai laushi sosai ne zai wuce. A ƙara iska, manya su bi. A cika zuba gari, ya dunƙule, tacewar ta lalace.

Ina ruwanka da wannan? In ƙura ta yi yawa a garin, tun cajin farko take cinye litiyam, batir ya rage ƙarfi. In manya ne suka yi yawa, litiyam ba ya shiga da wuri, sai ya taru a samansu, musamman wajen caji mai sauri. Aikin kuma da tsada, don wajen gyara garin da tace shi kusan rabi ko fiye ake warewa gefe.

Gaskiya zafi da caja marar kyau ma suna kumbura batir. Amma su kana iya kiyayewa, garin kuwa ba za ka taɓa gani ba. Wanda ya sayar maka batir a rabin kuɗi, akwai inda aka rage wani abu. Arha ba ta ado.

Don haka ka nemi na kamfanin wayarka, ko wanda mai gyara zai ba ka garanti a kai. In kuma ya kumbura, ka daina caji nan take, kar ka danna, kar ka huda.