Sharhi: 'Yan Gudun Hijirar da Ba Su da Sansani



Da an ce ɗan gudun hijira, sai hankali ya tafi ga tantunan Maiduguri. A Kano ba haka abin yake ba. Tun 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Gwoza da Bama da Mubi, mutane suka yi ta kwararowa nan, daga baya waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Zamfara da Katsina suka biyo sawu. Akasarinsu ba su taɓa kwana a sansani ba. Wasu sun raɓe wurin dangi, wasu sun haɗa kuɗin ɗaki ɗaya, wasu kuwa sai kango.

Mai neman abin sawa a bakin salati, ina zai dosa? Sai ƙofar masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, inda ake ɗaukar lebura a sallame shi da yamma, ba takarda, ba katin asibiti. Nan gizo ke saƙar. Ruwan dattin majemu da sauran kamfanoni na gangarawa Salanta da kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi Getsi ya haɗe da Jakara, ɗaki mai arha kuwa galibi a bakin irin waɗannan magudanai yake. Ga kuma matsalar rigakafi: da mashaƙo ya ɓarke a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma yawancin yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Uwar da ta tsere cikin dare, wa zai tambaye ta katin allurar ɗanta?

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala tun 2012, wadda ta ɗora wa gwamnati nauyin waɗannan bayin Allah ko da a cikin gari suke zaune. Sai dai agajinmu ya fi sanin hanyar sansani, inda ake raba shinkafa a ɗauki hoto.

Masu unguwanni sun san baƙinsu gida-gida. A fara da su, hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ta ɗauki sunaye, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ta saka su cikin kason marasa galihu. Ƙungiyar masu masana'antu, MAN, da ke da rassa a waɗannan yankuna, ta ba ma'aikatan rigakafi wurin zama a bakin ƙofa lokacin tashi daga aiki.