Mai keke a Shango gefen titi yake nema

Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya sake daraja. A Shango, bakin hanyar Minna zuwa Suleja, hirar masu keke a rumfar mai faci ba ta wuce tsadar taya da sarƙa, sai tirelolin da ke matse mutum har bakin kwata. Mahukunta sun iya yabon keke kowace 3 ga Yuni, amma shirin titi yakan manta da shi. A 2001 Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri, ya hau keke a Abuja, bas ta ture shi. Malamin da ke takawa zuwa Kwalejin Ilimi ta Shango ba shi da 'yan rakiya. Kafin a sa hannu kan kwangilar titi ta gaba, a ware masa layinsa.